Hawan Sallah: A Kula Da Majayi Da Albarushi

Edita,

Assalamu alaikum. Asalin hawa nuna ƙarfin yaƙi ne: hakimai su fito da dawakansu da mayaƙansu, sarki ya ga abin da kowa ya tanada, jahi kuma, wato sukuwar gaishe da sarki, jaddada mubaya'a ne. Turawa suka karkatar da shi tarbar baƙi, kamar wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. A 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin kayan gadon duniya.

To amma kayan na fagen fama ne har gobe, ba sa son ganganci. Lifidi, wato rigar kariyar doki ta yaƙi, auduga ce aka cusa, doki na saurin jigata a cikinsa, don haka kada a ɗora masa tun hantsi alhali Hawan Daushe sai la'asar. Majayi, wato abin da ke ɗaure sirdi a cikin doki, kan saki idan doki ya yi gumi. A sake ɗaure shi kafin jahi, in ba haka ba sirdi ya juya da mahayi. 'Yan bindiga su rage albarushi, su ɗaga baki sama, su nisanci dokin da bai saba da ƙara ba. Su kuma masu ɗaukar hoto da waya, dogarai su fitar da su daga hanyar sukuwa tun kafin sarki ya tsaya.

Wassalam.
Wani mai karatu, Kano