Abba, kan hoton nan na bakin wuta

Assalamu alaikum Abba, ya aiki ya ruwan Ogun. Mu nan lafiya lau, Ummanka dai ƙafar ce har yanzu.

Ƙanwarka ta nuna min hoton da ka ɗora a WhatsApp, kana tsaye dab da tukunyar narka ƙarfe ba hular kwano ba gilashin ido, rigar ma mai gajeren hannu, wai har da dariya. Wallahi tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ni ban yi boko ba, ban san me ake koya muku a ABU ba, amma shekara 27 ina loda gwangwan a tirela a Ƙofar Ruwa, na san abin da ke cikin lodin da ake juye muku, akwai tsohuwar tukunyar gas akwai shokazoba akwai bututun da ya toshe da ruwa a cikinsa, ga shi damina ce komai a jiƙe yake isowa. Narkakken ƙarfe zafinsa ya haura digiri 1,500, ruwa kaɗan ya maƙale a ƙarƙashinsa ba tafasa zai yi ba, fashewa zai yi ya watso wa duk wanda ke kusa. Ka ga hannun Kawunka da idonka, ba sai na maimaita ba.

Kar ka ce min ai leburorin ma haka suke yi. Su sun shekara a wurin, ko ƙarar tukunya ta canja sun san su ja da baya, kai ko wata 2 ba ka cika ba kana neman burge abokai. Hankalinka ɗaya kuwa?

Na san har yanzu kana ganin na so hana ka karatun nan. Ban hana ba, cewa na yi ka duba da kyau, masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta tun 1979 ake jiranta, kuma da na ga ka dage wa ya sayar da fili?

To ka tsaya ka koya. Ka liƙe wa mutanen ɗakin gwaji ka ga yadda ake auna sinadarin kabon da ke cikin ƙarfe, ka tambayi me ya sa wani rodin ke karyewa in an lanƙwasa, ni kaina ina son jin amsar, masu gini sun sha dawo min da ƙorafi.

In takalmin aikin ne babu ka faɗa min kuɗinsa yau. Ummanka ta ba direba kilishi da yaji, zai kira ka in ya iso Shagamu. Allah ya tsare min kai.

Babanka