Ƙafafun Curiosity ba abin dariya ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci da yadda mai gabatar da shirinku na kimiyya na ranar Asabar ya yi ta ƙyaƙyata dariya yana cewa Amurka ta kashe maƙudan kuɗi ta tura mota duniyar Mars, amma ga shi tayarta ta fashe babu mai faci. Ni maƙerin ƙarfe ne a Panteka, kuma na san cewa wanda bai taɓa auna kaurin falle da hannunsa ba bai kamata ya yi wa aikin wasu ba'a a gidan rediyo ba.

Ƙafafun wannan motar, wato Curiosity, guda shida ba su da iska, balle su fashe. Da alminiyam aka ƙera su, tsayin kowace kusan santimita 50, kaurin fatarta kuwa milimita 0.75 kacal, kuma da gangan aka sirance ta, domin duk kilo ɗaya da aka ƙara sai roka ta ɗauke shi har can. Motar ta kusa kilo 900, ta sauka a kwarin Gale a watan Agustan 2012, kuma a 2013 aka fara ganin huji da tsaga a ƙafafun. Dalilin shi ne duwatsu masu tsini waɗanda iska ta wasa, kafaffu a ƙasa ba sa gocewa idan an taka su, ga sauran ƙafafun suna ingiza wadda ta hau dutsen har tsinin ya huda ta. Kullum nakan ga irin wannan a wurin aikina: falle yakan jure nauyi idan an shimfiɗa shi, amma da zarar nauyin ya taru a wuri ɗaya sai ya ɓule.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ku faɗi yadda injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka shawo kan matsalar ba. Sun sauya hanya zuwa inda rairayi ya fi yawa, wani lokaci suka tuƙa motar da baya, sannan a 2017, shekarar da biyu daga cikin haƙoran da ƙafa ke kama ƙasa da su suka karye a ƙafar tsakiya ta hagu, suka aika mata manhaja mai daidaita gudun kowace ƙafa gwargwadon abin da take takawa. Da za su ƙera wata sabuwar motar mai suna Perseverance, wadda ta sauka a Mars a 2021, sai suka ƙara kaurin fatar suka sa haƙora 48 a kowace ƙafa. Yarana masu koyon sana'a suna saurarenku, kuma wannan ne ya kamata su ji, ba shewa ba.

Sannan don Allah ku daina katse baƙo a tsakiyar bayani domin karanta gaishe-gaishe, musamman a shirin da bai wuce rabin awa ba.

Naku mai saurare,
daga Tudun Wada, Kaduna