Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiya: Hidimomin da Aka Saba da Ziyarar Dutsen Seoraksan

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya da 'yan uwa Hausawa mazauna Koriya ta Kudu, ɗalibai da ma'aikata, maza da mata. Ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi da amanar da kuka damƙa masa a bana. Lissafin kuɗi yana cikin takardar ma'aji, shi zai karanta muku ranar babban taro.

Hidimomin da muka saba sun gudana lami lafiya. Da azumi an yi buɗa-baki tare a ƙarshen mako, idi biyu kuma mun yi su a babban masallacin Seoul da ke Itaewon, wanda aka buɗe tun 1976. An tarbi sababbin ɗalibai na zangon Maris da na Satumba, an raka su yin katin zama da buɗe asusun banki, an tara musu rigunan sanyi kafin hunturu ya kama. Waɗanda aka yi wa rasuwa a gida an je musu ta'aziyya, Allah ya jiƙan magabata. Masu ƙaruwa kuma Allah ya raya.

Abin da ya fi cin lokacin kwamiti da kuɗin asusu shi ne ziyarar Seoraksan a watan Oktoba. Dalilinmu shi ne, da yawa cikinmu za su gama zamansu a ƙasar nan ba su san ko'ina ba sai ɗakin bincike ko masana'anta, sai kuma Itaewon ranar Juma'a. Ga shi kuwa yawancin ƙasar tsaunuka ne, kuma a kansu ne Koriyawa suke sakin jiki da baƙo.

Seoraksan yana lardin Gangwon, arewa maso gabas, kusa da garin Sokcho na bakin teku. Gwamnati ta mai da shi gandun ƙasa a 1970, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren adana halittu a 1982. Ƙololuwarsa, Daecheongbong, tana da tsayin mita 1,708, ita ce ta uku a ƙasar bayan Hallasan da Jirisan. Daga Seoul tafiyar kamar awa biyu da rabi ce a bas, amma wannan lissafin ranar da hanya ba kowa ne. A tsakiyar Oktoba, lokacin da ganyaye ke rikiɗa su koma ja da ruwan ɗorawa, kowa can yake nufa, mu ma mun sha cunkoso tun kafin mu kai ƙofar gandun. Shiga kyauta ce yanzu, domin an soke kuɗin da ake karɓa a ƙofa tun watan Mayun 2023.

A can muka rabu gida uku. Dattawa da masu ƙananan yara suka hau motar da ke tafiya rataye a igiyar ƙarfe zuwa Gwongeumseong, inda aka ce a da akwai ganuwa. Hawan 'yan mintuna ne, jiran layi ne aikin. Wasu suka bi rafi zuwa mafaɗar ruwan Biryong, masu sauran ƙarfi suka ƙara matakala kimanin 900 don su hango ruwan Towangseong da ke zubowa daga tsayin mita 320.

Samari kuwa Ulsanbawi suka ce sai sun taka. Wasu fararen duwatsu ne guda shida a jere, tsayinsu mita 873, tafiyar kusan kilomita 4 daga ƙofa. Rabin farko wasa ne, har a kai Heundeulbawi, wani ƙaton dutse da ke zaune a kan fa, wanda kowa ke turawa ya ɗan motsa amma ya ƙi faɗuwa. Daga nan ne matakala ke miƙewa tsaye. Masu cika baki da hawan Dala da Gwauron Dutse duk sun yi shiru a wurin, ga tsofaffin Koriyawa da sandunansu suna wuce su suna ba su alewa. Wanda ya kai sama yana ganin Sokcho gaba ɗaya da tekun gabas. Mutanen wurin suna da tatsuniya cewa dutsen daga garin Ulsan ya taso don ya shiga sahun ƙololuwa 12,000 na tsaunin Geumgangsan da ke Koriya ta Arewa, ya makara a hanya, kunya ta hana shi komawa gida, ya yi zamansa a nan. Daecheongbong dai ba wanda muka bari ya gwada, domin yini guda take ci, ba ta haɗuwa da tafiyar rukuni.

Akwai maganar da ta taso wadda ya kamata ku ji daga bakinmu. Hanyar Ulsanbawi ta gaban Sinheungsa ta bi, wurin ibadar mabiya addinin Buda da aka kafa asalinsa a shekara ta 652, kuma akwai gunkin tagulla mai tsayin mita 14.6 da aka kammala a 1997 da fatan haɗewar Koriya biyu. Wasu 'yan uwa ransu bai kwanta da wucewa ta nan ba. Matsayin kwamiti shi ne, hanya ce ta kowa, ba a tilasta wa kowa shiga ba, wanda ya wuce kuma ya rage murya, kada ya ɗauki masu ibada hoto. Haka aka yi. Mu ma da muka shimfiɗa dardumarmu a gefe muka haɗa azahar da la'asar, muna fuskantar yamma yadda alƙiblar nan take, ba wanda ya dame mu.

Abinci ne ya fi ba mu aiki. A kasuwar Sokcho soyayyar kazar nan mai zaƙi ce ake layi a kanta, amma ba yankan musulmi ba ce, don haka muka tsaya kan gasasshen kifi da guzurin da matan ƙungiya suka dafo. Allah ya saka musu da alheri. A unguwar Abai an ja kunnen kowa cewa sundae ɗinsu, wato abincin nan na cusasshen hanji, da hanjin alade ake yin sa, wanda ake cusawa a cikin naman teku ma sai an tambayi abin da ke ciki. Unguwar ce ta fi taɓa zukatanmu. 'Yan gudun hijira daga yankin Hamgyong da ke Koriya ta Arewa ne suka kafa ta lokacin yaƙin 1950 zuwa 1953, suka zauna kan rairayi da niyyar komawa da zarar ƙura ta lafa, iyaka ta rufe har yau. Mun ƙetara zuwa can a kwalekwalen da fasinjoji ke ja da hannu a jikin igiyar ƙarfe. Naksansa, wani wurin ibadar mabiya addinin Buda da gobarar daji ta cinye a 2005 aka sake ginawa, lokaci bai bar mu mun je ba.

Shawarar kwamiti ita ce a maimaita tafiyar baɗi, amma a tsakiyar mako ko a ƙarshen Mayu, a kuma kwana a Sokcho don a samu zuwa wurin hangen Koriya ta Arewa da ke Goseong, wanda sai an yi rajista da katin shaida kafin a shiga. A lura cewa ana rufe manyan hanyoyin dutsen daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, haka ma a farkon bazara, saboda gobara. Kwana zai ƙara kuɗi, don haka za a kaɗa ƙuri'a a kai ranar babban taro. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a ga ma'aji kafin ranar.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa