Ɗan sandan da ya tsare hanya lokacin kulle, wa ya duba gidansa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in yi tsokaci kan wani ɓangare na annobar korona da aka tsallake, wato halin da 'yan sanda da iyalansu suka shiga.

Daga daren 30 ga Maris, 2020, lokacin da dokar kullen da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa Abuja da Legas da Ogun ta fara aiki a nan Abuja, mu an ce mu zauna a gida, su kuwa aka ce su fita. Ko da aka sassauta a ranar 4 ga Mayu, sai dokar hana fita daga ƙarfe takwas na dare zuwa shida na safe ta sa kwanan shinge ya zama abin kullum.

Maƙwabcina a Nyanya saje ne, da mata da 'ya'ya huɗu a ɗaki ciki da falo. Yakan wuni yana leƙa motocin mutanen da bai san lafiyarsu ba, in ya dawo ya tuɓe kaki a tsakar gida, ya hana autarsa rungumarsa, domin killace kai a irin wannan ɗaki magana ce kawai. Makarantu a rufe, sana'ar matarsa ta tsaya, albashi kuma bai motsa ba. Mutumin da na sani da fara'a ya koma mai saurin fushi, har maigidan da ake ɗokin dawowarsa ya zama wanda yara ke yin tsit idan sun ji muryarsa.

Ban zo wanke kowa ba. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonni biyun farko na kullen, kuma gajiya ba ta zama hujjar zubar da jini. Sai dai wanda aka ɗora wa bindiga alhali bai yi barci ba, hankalinsa kuma yana kan gidan da ya bari babu cefane, haɗari ne ga kowa.

Ina kira ga Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda da ta tanadi, tun kafin wata annobar, ƙayyadaddun sa'o'in aiki, da wurin kwanan jami'in da ke tsoron kai wa iyalinsa cuta, da likitan da zai kai wa damuwarsa ba tare da an yi masa kallon rago ba.

Naku,
Mai karatu daga Nyanya, Abuja