A ware kuɗin bincike daga kuɗin jinya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu ja hankalin masu kafa gidauniya don binciken cutar dajin ƙwaƙwalwa a yara. Bayan dajin jini, shi ne dajin da ya fi kama yara, kuma maganinsa na da wuya saboda ƙwaƙwalwa na da shinge da ke hana yawancin magunguna shiga cikinta daga jini. Akwai nau'in da ke fitowa a gindin ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira DIPG: ba ya ciruwa da tiyata, gasa ciwon da hasken na'ura (radiotherapy) na makonni 6 sauƙi kawai yake kawowa, kuma yawancin yaran ba sa cika shekara bayan an gano shi. Sai a 2012 aka gano sauyin ƙwayar halitta da ke bayansa, ta hanyar nazarin tsokar ciwon da aka ɗebo daga marasa lafiya aka adana.

Kuskure na farko shi ne haɗa kuɗin jinya da na bincike a asusu ɗaya. Ranar da aka kawo yaro cikin mawuyacin hali babu mai iya hana a taɓa kuɗin, kuma ba laifin kowa ba ne, amma binciken ya tsaya ke nan. A buɗe asusu biyu da sunan gidauniya, kowanne da masu sa hannu uku, kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa hannu. A gaya wa mai bayarwa tun farko inda kuɗinsa zai shiga.

Kafin a karɓi ko sisi, a zaɓi aiki guda. Gudummawar al'umma ba za ta iya ɗaukar gwajin sabon magani ba, amma za ta iya riƙe rajistar yaran da suka kamu, ko rumbun ajiyar tsoka. A nan muke so a fi natsuwa. Tsokar da aka ciro a tiyata kashi biyu ake yi: ɗaya a saka a ruwan fomalin, mai hana tsoka ruɓewa, don tantance nau'in cutar, ɗaya a daskarar nan take a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. In aka yi jinkiri, ko wuta ta ɗauke firizar ta narke, sinadaran da ake son nazari sun lalace, kuma ba a sake buɗe kan yaro don a samo wata. Wanda ya sayi firiza bai tanadi wutar ko-ta-kwana, ƙararrawar gargaɗi da albashin mai kula ba, rabin aiki ya yi.

A nemi masu binciken su nuna amincewar kwamitin ɗa'a, mai duba ko binciken ya kiyaye haƙƙin marasa lafiya, a rubuce, da takardar yardar iyaye, kuma a tambayi kason da cibiyarsu za ta cire na gudanarwa. Kada a miƙa kuɗin a dunƙule. A riƙa bayarwa duk wata shida, bayan rahoto da rasit. Tunda aikin shekaru yake ɗauka, alkawarin wata-wata, ko kaɗan ne, ya fi taron yini guda amfani, kodayake ranar 15 ga Fabrairu, ranar dajin yara ta duniya, ta dace da ƙaddamarwa.

Muna kuma roƙon kada a yaɗa hoton yaro mara lafiya sai da izinin iyayensa, har da na yaron in ya yi wayo.

Naku,
Wasu likitocin yara da ma'aikatan jinya