Zuwa ga mutumin Kumasi, kan rikicin ECOWAS da Nijar

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara. Shirun nan ya yi tsawo har Hajiya ta fara tambaya ko mun ɓata ne. Na ce mata a'a, Babarbare ne ya samu wuri ya manta da ubangidansa. Kada ka ce komai, na san amsarka.

Na ji saƙonka na kafin azumi, cewa yaronka zai rubuta kundin kammala digiri a kan ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, kuma wai ya riga ya yanke hukunci cewa duk aikin Faransa da Rasha ne. Ka ce masa ya sassauta. Da hannunsu a ciki, amma tushen rigimar ra'ayi biyu ne da Afirka ta rubuta wa kanta. Na farko a Addis Ababa a 1963, lokacin kafa OAU, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka: kada wata ƙasa ta tsoma baki a harkar cikin gidan wata. Na biyu ya zo bayan an gaji da sojoji, wato sanarwar Lome ta 2000 da yarjejeniyar ECOWAS ta Dakar ta 2001, wadda ta ce duk wanda ya hau mulki ba ta hanyar tsarin mulki ba, ba za a amince da shi ba. Janar Tchiani da ya jagoranci juyin mulkin Nijar ya riƙe na farko, Tinubu da ke shugabantar ECOWAS a lokacin ya riƙe na biyu, kowa da takardarsa a hannu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka tsallake matakai. Sashe na 45 na yarjejeniyar Dakar ya jera hukunci daga ƙarami zuwa babba: a ƙi mara wa 'yan takarar ƙasar baya a ƙungiyoyin duniya, a daina yin taro a cikinta, sannan a dakatar da ita. A aikace kuma ana tura manzo a asirce tukuna, a hana shugabannin juyin mulkin tafiya, a rufe asusunsu, kafin a taɓa talaka. Soja shi ne na ƙarshe. To an kifar da shugaban Nijar Bazoum ran 26 ga Yulin 2023, ran 30 ga wata aka zazzage komai lokaci guda a Abuja: rufe iyaka, hana jirage, daskarar da kuɗi, da wa'adin kwana bakwai a gaban 'yan jarida na a mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfin soja. Najeriya ta yanke wuta, alhali wajen kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga nan yake zuwa.

Wa'adi ba ya aiki sai da abu uku. Dakarunka su kasance a shirye, mutanen gidanka su goya maka baya, kuma ka bar wa wancan ƙofar da zai fita bai ji kunya ba. Ko ɗaya babu. Mali da Burkina suka ce taɓa Nijar taɓa su ne, Aljeriya ta ƙi, Majalisar Dattawanmu ta ƙi batun yaƙi ran 5 ga Agusta, sanatocin Arewa kuwa sun san wa ke zaune a Illela da Jibiya da Maigatari da Kamba. Ran 6 ga wata wa'adin ya cika, filin wasa na Yamai ya cika da masu goyon bayan sojoji, ba abin da ya faru. Daga ranar nan barazanar ta zama fanko.

Masu cewa ai ECOWAS ta tura soja Gambiya a 2017, su sake dubawa. Ƙaramar ƙasa ce da Senegal ta kusa kewaye ta, shugaba Jammeh ya sha kaye a zaɓe, an rantsar da Barrow da ya kayar da shi a Dakar, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da ƙuduri mai lamba 2337, sannan shugabannin Gini da Muritaniya suka buɗe wa Jammeh hanya zuwa Equatorial Guinea. Ina Gambiya ina Nijar mai faɗin sama da murabba'in kilomita miliyan ɗaya?

Af, kafin in manta, an ɗaura auren autar gidan Liman, kuma angon wanda ka ce ba zai taɓa yin aure ba ne. Ka biya bashin cacar baki. Mai shayin bakin tasha ma ya sayi Keke Napep, yanzu ba ya amsa gaisuwa sai da hannun hagu.

Ka sa yaron ya lura da wa aka buɗe wa ƙofa. Tawagar Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi ta je a farkon Agusta ba ta ga Tchiani ba, saboda da sunan ECOWAS ta je, wa'adi na rataye. Sanusi II na Kano ya je ran 9 ga wata tare da Sultan na Damagaram, ya gan shi. Malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka je, su ma suka gan shi. Sai bayan nan Abdulsalami ya koma ya gana da Tchiani da Bazoum. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Kakanka al-Kanemi da namu Muhammadu Bello ana fafatawa suna rubuta wa juna wasiƙu, naka yana cewa saɓo ba ya kafirta Musulmi, namu yana ba shi amsa. Na yarda tsohon naku ya iya hujja, amma kada ka karanta wa kowa wannan layin.

Wani rami kuma, ƙa'idar 2001 an yi mata kallon mai ido ɗaya. A 2015 an kawo shawarar taƙaita mulki ga wa'adi biyu a duk yankin, Togo da Gambiya suka ƙi, aka ajiye. A 2020 Alpha Condé na Gini da Ouattara na Ivory Coast suka nemi wa'adi na uku, ba wanda ya rufe musu iyaka. Matashin Maraɗi ya ga wannan, don haka wa'azin dimokuraɗiyya bai shige shi ba.

Kwanakin da zai buƙata: kafa AES, ƙawancen ƙasashen uku, 16 ga Satumban 2023, sanarwar ficewa 28 ga Janairun 2024, ɗage takunkumi 24 ga Fabrairu ba tare da an saki Bazoum ba, ficewar ta tabbata 29 ga Janairun 2025, domin sashe na 91 na yarjejeniyar ECOWAS ta 1993 ya ce sai an ba da sanarwar shekara guda.

Akwai wata tambaya da ka yi a ƙarshen saƙon, ina jin ta fili ce, ka sake aiko ta. In direban nan zai taso, ka haɗo shi da goro mai kyau, ba irin na bara da ya iso da tsutsa ba. Ka gaishe da uwargida, ka ce mata Hajiya na jiran atamfarta.

Naka,
Ubangidanka na Katsina