Farin tabo a bakin mahaifa ba a maganinsa da matsi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana mata da mazajensu. Ni ungozoma ce, ina cikin masu gwajin gano sankarar bakin mahaifa.

Gwajin ba shi da wuya. Mukan jiƙa auduga da ruwan khal marar ƙarfi, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, mu shafa, mu jira minti ɗaya. Inda fatar ta fara sauyawa sai ya yi fari. Galibi wannan farin bai zama sankara ba tukuna, ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, ita ce ta fara ɓarna. Ga mace mai lafiya yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya rikiɗe, ga mai ɗauke da HIV kuwa 5 zuwa 10.

Bayan mace ta fita ne ake samun matsala. Ta ga ruwa muka shafa, sai ta ɗauka shi ne maganin, ta sayi khal ta riƙa tsarki da shi. Wata kuma ta faɗa hannun masu tallar kayan mata a Facebook da TikTok, su haɗa mata matsi da kanwa, wai zai ƙone ciwon. Na duba wata baiwar Allah da ta dawo gabanta duk ya saɓule, har na rasa yadda zan sa ƙarfen dubawa don zafin da take ji, tabon kuma yana nan daram. Ta ce, "Anti, cewa aka yi kwana uku zai wanke." Wallahi ranar na kasa cin abinci.

Gaskiya ne likitoci na gwada magance tabon da sinadarai. A birnin Biyana na Ostiriya sun yi amfani da wani asid mai suna TCA, mai ƙarfin kashi 85 cikin ɗari, suka wallafa sakamakon a 2016. Akwai kuma imiquimod, mai zaburar da garkuwar jiki. Amma TCA likita ne ke ɗora shi daidai kan tabon, idonsa na kan wurin, bayan makonni a sake dubawa.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi shi ne a ƙone tabon da zafi, ko a daskarar da shi da sanyi, in ya yi girma a yanke. Na'urar zafin ba ta fi tocila girma ba sosai, da batir take aiki, kanta ya kai digiri 100, a ɗora daƙiƙa 20 zuwa 30. Bayan nan ruwa zai riƙa fita na wasu makonni, kuma sai maigida ya yi haƙuri kamar wata guda. A nan muke buƙatar ku, iyayen gida.

A 2020 mata kusan 12,000 suka kamu da wannan sankara a Nijeriya, kusan 8,000 suka rasu. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta, Alhamdulillahi, sai dai iyayensu mata sun wuce wannan gaɓar. Ina roƙon kwamishinonin lafiya na jihohinmu, duk asibitin da ake gwaji a ajiye na'urar, a yi wa mace aikin a ranar kafin ta koma gida. NAFDAC kuma ta leƙa kayan masu matsin nan.

Taku,
Wata ungozoma, daga Zariya